Ƙamus da Fararen Rigunan Gidan Burodi

Ranar da ƙusa ta soki Mai Wanki a ƙafa har likita ya ce sai ya kwana uku a asibiti, ƙanensa Ƙamus ya ce lokaci ya yi da za a shigo da ilimi cikin sana'ar wanki.

Sunan nan a kantin littattafai ya same shi. Ya yi wata huɗu yana shara a can kafin a sallame shi. Ya fito da wani littafi marar bango wanda gara ta cinye farkonsa da ƙarshensa, saura shafi ashirin a tsakiya. Shafukan suna bayani ne a kan kalmomin Turanci na launin da ya gauraya, da inda kowace ta samo asali. Ya haddace su tas. Tun daga nan babu akuya ko kazar da za ta wuce ta layinmu bai kira ta da sunan Turanci ba.

Mai Wanki ya tsaya a ƙofar shago da ƙafa ɗaya, matarsa na riƙe da shi, mota na jira.

Ya ce, "Kayan mutane ga su nan a ɗaure. Akwai rigunan ma'aikatan gidan burodi, goma sha biyu, farare. Alhamis da safe Mai Burodi zai zo ɗauka, don ranar duba-gari ke zagaye. Shekara tara nake masa wanki. In na dawo na tarar sun fita fes, makullin nan naka ne, in yanka wani. In ka ɓata ko ɗaya, ka naɗe tabarmarka ka bar min ɗakin baya."

"Yaya, wanki har wani abu ne? Ruwa ne da sabulu."

"Fari daban. Kuma kada ka taɓa zare."

Zaren da yake nufi shi ne alamarsa. Mai Wanki bai iya rubutu ba. Duk kayan da aka kawo, sai ya soka allura a cikin bakin rigar ko gefen zanen, ya yi ƙulli. Jan zare ƙulli ɗaya gidan mahauci ne. Shuɗi ƙulli biyu gidan burodi. Haka gida arba'in da wani abu, duk a kansa da kan matarsa. Bai taɓa ba wani hular wani ba.

Mota na karya kwana, Ƙamus ya ɗauko reza.

Maƙwabcin shagon wani tsohon tela ne, kekensa a bakin ƙofa yake. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Farfesa, me kake yankewa?"

"Jahilci, Baba Tela. Daga yau kowace riga takarda za ta samu, da sunan mai ita, da sunan launinta. Bari in tambaye ka. Kalma nawa kake da ita ta abin da ya haɗa launi biyu?"

"Roɗi-roɗi. Dabbare-dabbare. Wake-wake. Sun ishe ni."

"Ka ji matsalar. Bature yana da sun fi ashirin, kowace da kakanta."

"Su kakannin nan, suna wanki?"

Ƙamus ya ci gaba da aikin rezarsa. Ya tsinke zaren nan kaf. Ya yayyaga takarda, ya rubuta sunayen gidaje da biro gwargwadon abin da ya tuna, inda bai tuna ba ya rubuta abin da ya ga ya dace da rigar. Ya maƙala da fil. Sannan ya jera baho biyar a bakin titi, ya rubuta wa kowane suna da alli, ya tsaya yana yi wa masu wucewa bayani.

"Wannan piebald, na baƙi da fari. Daga sunan wani tsuntsu aka samo shi, ɗan'uwan hankaka. Wannan brindled, mai zane-zane kamar jikin mage, asalinsa daga ƙuna. Wannan dappled, mai tabo zagayayye, wasu masana sun ce daga tuffa. Wannan checkered, mai gida-gida, daga allon darar Turawa. Wannan motley, mai launi barkatai, an ce daga ƙwayar ƙura."

Wata mai sayar da itace ta tsaya da kaya a ka, ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko magani yake sayarwa.

Da ya gama raba masu gaurayen launi a baho, sai ga tulin kaya masu launi ɗaya sun rage. Littafin bai ce komai a kansu ba, ko kuma gara ta cinye wurin. Akwai sabon jan zanen matar mahauci, da koren labule, da shuɗayen mayafai, da fararen riguna. Ya ƙirga fararen ya ga goma sha uku.

Ya ce, "Yaya ko ƙirga bai iya ba."

Ya ɗora rabin duron da ake tafasa kaya a kan murhu, ya cika shi da ruwa, ya rubuta masa suna mai tsawo a jiki. Ya kwashi tulin nan gaba ɗaya ya zuba.

Tela ya tsayar da keke. "Yayanka bai ce fari daban ba?"

"Baba Tela, yi tunani. Fari launi nawa ne?"

"Ɗaya."

"Ja fa?"

"Ɗaya."

"To me ya raba su? Dangi ɗaya ne. Wannan duro sunansa hotchpotch. Daga Faransa kalmar ta taso, ma'anarta girgiza tukunya. Ka ga tun can an faɗi yadda ake yi."

"Miya suke nufi ko wanki?"

"Tukunya dai suka ce."

Ruwa ya tafasa. Ƙamus ya naɗe hannu da tsumma, ya kama kunnuwan duro ya yi ta girgizawa. Da ya gaji ya shiga cikin gida ya ɗauko muciyar matar yayansa ya yi ta juyawa. Takardun da ya maƙala suka narke, tawadar ta bi ruwa. Can wajen azahar ruwan duro ya koma wani launi da ko littafin ba shi da sunansa.

Ya ɗaga riga ɗaya da muciya. Gabanta ruwan hoda, bayanta kore, wuyanta shuɗi.

Tela ya ce, "Ta burodi ce?"

"Ba ta gama ba."

"Ai kuwa ta gama."

Ƙamus ya kwashe kayan ya shige da su ciki, ya rufe ƙofa.

Washegari da safe matar Mai Wanki ta fito da kwanon abinci za ta asibiti. Ta ga ƙofar shago a rufe, ta ƙwanƙwasa. Ƙamus ya buɗe daidai faɗin hancinsa.

"Malam Ƙamus, yayanka zai tambaye ni rigunan burodi."

"Suna hutawa, matar yaya."

"Hutawa? Noma suka yi?"

"Sabon tsari ne. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa."

"Ina muciyata?"

"Ita ma tana hutawa."

Ta dube shi, ta dubi rana, ta ga za ta makara. Ta tafi tana waige.

Tana tafiya ya ɗauko jarkar bilic. Mai Wanki murfi ɗaya yake zubawa a baho cike da ruwa. Ƙamus ya ce wannan rowa ce. A bayan shago igiyar shanya biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya rataya rigunan nan a ta sama. A ta ƙasa kuwa akwai baƙaƙen wanduna da kwat ɗin wani malamin makaranta, waɗanda suka tsira jiya don kawai sun faɗa bayan tebur. Ya tsoma tsintsiya a bilic zalla ya yi ta yayyafi.

Bilic ya sauka daga sama. Kafin ya ajiye tsintsiyar, baƙin kwat ya fara fitar da fararen tabo kamar ana buɗe masa idanu.

Tela ya zagayo da zare a baki. Ya tsaya ya duba.

"Wannan kwat ɗin jiya baƙi ne."

"Jiya ba shi da suna. Yau piebald ne. Dubi yadda ya fita, sak tsuntsun."

"Mai shi ya ce yana son tashi sama?"

Su kuwa rigunan burodi, inda bilic ya taɓa ya ci launin, ya bar tabo zagayayye mai rawaya a baki. Ƙamus ya ja baya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Dappled. Ka ga tuffa ko ba ka gani ba? Baba Tela, muna kan hanya. Daga launi huɗu mun dawo uku da rabi."

Don ya kashe rawayar sai ya ɗauko bula. Ƙulli guda ake sawa. Ya juye kwalin duka. Rigunan suka fito da shuɗi a inda babu shi a da. Ya ce guga ce za ta daidaita su, zafi yana korar launi. Ya cika dutsen guga da gawayi har murfin ba ya rufuwa, ya hura ya yi ja. Ya ɗora a bayan riga ta farko, sai ga wasu mutum biyu sun tsaya suna karanta rubutun baho. Ƙamus ya bar dutsen ya fita ya yi musu bayanin allon dara. Hayaƙi ne ya dawo da shi.

A bayan rigar hoton dutsen guga ya fito ƙarara, har da hancinsa. Ya dube shi jim kaɗan. Sannan ya ce riga ɗaya ba za ta bambanta da 'yan'uwanta ba, ma'aikatan wuri ɗaya ne. Ya bi sauran goma sha biyun ya ɗora wa kowace, layi uku-uku.

Tela ya ce, "Bari in taya ka. Wannan shi ne na ƙuna."

"Brindled. Ka fara ganewa."

"Na fara jin wari dai."

Saura sitati. Ya dama shi da kauri, har muciya ta tsaya a ciki. Ya tsoma rigunan, ya ce bayan shago babu iska, ya fito da su bakin titi ya shimfiɗa a kan benci. Motar yashi ta wuce, ta ciminti ta biyo ta. Duk abin da suka tayar ya sauka a kan ɗanyen sitati ya zauna. Ƙamus ya buɗe baki zai faɗi sunan.

Tela ya ce, "Na sani. Na ƙura."

Da la'asar rigunan suka bushe suka sandare. Ba sa naɗuwa, ba sa ratayuwa. Ƙamus ya tsayar da su a ƙasa, suka tsaya da kansu, goma sha uku a jere a gaban shago, hannuwa a buɗe. Wani dattijo mai raunin ido ya zo wucewa ya yi musu sallama. Ya sake yi. Ya tsaya ya yi musu faɗa sosai a kan tarbiyya, ya ce ya san iyayen wasu daga cikinsu, ya wuce.

Alhamis da safe Mai Burodi ya zo da ma'aikatansa biyu don su ɗauki kaya. Mutum ne mai ƙiba, ba ya son magana kafin ya karya. Ya ratsa ta tsakanin rigunan ya shiga shago.

"Ina kayana?"

"Yallaɓai, ka wuce su."

Mai Burodi ya juyo. Ya dubi layin nan daga farko har ƙarshe. Ya matsa ya ƙwanƙwasa ƙirjin ɗaya, ta yi ƙara kamar ƙofa.

"Farare na kawo."

"Har yanzu akwai fari a ciki, yallaɓai. Duba nan ƙarƙashin hammata. Abin da aka yi, an ƙara musu ne, ba a rage ba. A ƙasar Turawa kowane tabo da kake gani yana da suna da tarihi."

"Duba-gari zai zo ƙarfe goma. Tarihi zan nuna masa?"

Bai rufe baki ba sai ga wani dogon mutum ya sauka daga babur, da wandon aiki da takalmi sau-ciki da hula, amma daga sama singileti ce. Mai Burodi ya gane shi, ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, ai ba a nan gidan burodin yake ba."

Duba-gari ya ce, "Na sani. Rigata na zo karɓa. Iyalina ta kawo ranar Litinin. Fara ce, ta aiki."

Tela ya ce daga kan keke, "Ashe yayanka ya iya ƙirga."

Ƙamus ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, tana cikin waɗannan. Zaɓi wadda ta kwanta maka."

Duba-gari ya bi layin yana leƙa kowace riga kamar mai duba fareti. Ya tsaya a ta bakwai, ya ce yana jin ita ce, don akwai alamar aljihu biyu. Ya yi ƙoƙarin sa hannu, hannun rigar ya ƙi lanƙwasa. Ma'aikatan burodi suka ɗaga ta suka kifa masa daga sama. Ya tsaya a cikinta hannuwa a buɗe, ba ya iya sauke su, hoton dutsen guga uku a bayansa.

Mai Burodi ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, yau za a yi duban?"

"Da wace rigar?"

Kafin nan labari ya zaga layi. Mata suka fito, maza suka bar shaguna. Matar mahauci ce a gaba, mace mai ƙarfi wadda ke taya mijinta sassara ƙashi. Ta shiga ta kwaso kayan da ke jibge a ciki ta zube a titi. Kowa ya duƙa yana tono. Babu wanda ya gane nasa. Jan zane ya koma ruwan ƙasa, koren labule ya koma abin da ba a faɗa. Mata biyu suka kama zane ɗaya, kowace na rantsuwa nata ne, bayan sun warware aka ga labule ne. Malamin makaranta ya ɗaga kwat ɗinsa ya daɗe yana kallo, ya ce shi ba shi da kwat, bai taɓa yin kwat ba, ya tafi.

Matar Mai Wanki ta fito da gudu. Ta ce kowa ya tsaya, ita za ta raba, ta san alamar kowane gida. Ta ɗauki riga ta juya bakinta. Ta ɗauki wata. Ta ɗauki zane ta bi gefensa da yatsa har ƙarshe.

"Malam Ƙamus, ina zaren?"

"Kwantar da hankalinki, matar yaya. Ni ba na wasa da kayan mutane."

Ya shiga ya fito da gwangwanin madara, ya buɗe a gabanta. Zaren gida arba'in da wani abu ne a ciki, ja da shuɗi da kore, a dunƙule wuri ɗaya.

"Ga su nan. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Ta zauna a ƙasa.

Daga nan aka daina tambaya. Kowa ya kama abin da ya fi kusa da girman nasa. Wani ya ja, wani ya riƙe, wando ya rabu biyu. Aka ture rigunan burodi, suka faɗi ɗaya bayan ɗaya suna ƙara. Duba-gari na tsakiya yana juyawa da buɗaɗɗun hannuwa, duk wanda ya matso sai ya sha mari ba da niyya ba. Ƙamus ya ga taro ya cika, bai taɓa samun masu sauraro haka ba. Ya hau benci ya ɗaga littafinsa.

"Jama'a, ku saurara. Abin da kuke yi yanzu yana da suna. Medley. Yau Bature na nufin gauraye da shi, amma asalinsa faɗa ne, irin na cakuɗuwa, kowa na dukan kowa. Kun ga ku da kanku kun tabbatar da littafi."

Matar mahauci ta ce, "Sabon zanena fa, sau ɗaya na ɗaura."

"Hajiya, da launi ɗaya ne da shi. Yanzu in kin ƙirga za ki samu biyar."

Akwai jiƙaƙƙen wando a hannunta. Ta murɗa shi ta yi masa ƙulli a baki. Ta ɗaga shi sama ta waina. Ƙamus ya sauko daga benci ba ta hanyar da ya hau ba.

Ana cikin haka mota ta tsaya. Mai Wanki ya fito da sanda, ƙafa a naɗe da bandeji. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya dubi titi. Ya dubi baho biyar da rubutunsu. Ya dubi matarsa a zaune da gwangwani a cinya. Ya dubi duba-gari, ya gaishe shi, duba-gari ya amsa da hannuwa a buɗe.

Mai Burodi ya matso. "Shekara tara, Mai Wanki."

"Na sani, yallaɓai."

"Ba da kai nake fushi ba. Amma muddin wancan yana shagon nan, ko tsummar goge tanda ba zan kawo ba."

"Ba ya shagon nan."

Tela kaɗai ke cikin walwala. Ya riga ya rataya tef a wuya, yana auna kafaɗun ma'aikatan burodi da ido.

Mai Wanki ya dogara sanda har inda ƙanensa ke zaune a gindin benci, hannu ɗaya a kan ido. Ya miƙa tafin hannu. Ƙamus ya laluba aljihu ya ciro makulli ya ɗora masa.

"Tabarmar, kafin azahar."

"Na ji, yaya." Ya ɗago kai. "Amma ka faɗi gaskiya. A duk garin nan akwai shagon da ya taɓa fitar da launi goma sha ɗaya daga duro guda?"

"Sauke hannunka."

Ƙamus ya sauke. Idon ya kumbura ya rufe. Samansa baƙi, ƙasansa ja, gefe ya fara shuɗi.

Mai Wanki ya ce, "Goma sha biyu. Wannan kuma me Turawa ke ce masa?"

Ƙamus ya taɓa wurin a hankali da ɗan yatsa. Ya karɓi madubin Tela ya duba da ido mai lafiyar, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Ba a gaggawa da irin wannan, yaya. Bai gama nuna ba. Ka tambaye ni gobe."